Tsoron Magana da Turanci: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Hakimi ya fita rangadi ya sauka a Tafoki. Bayan an gama maganar gari sai a ratsa makaranta. Ya shiga aji, ga dagaci, ga malamin ofis riƙe da littafi, ga dogarai a bakin ƙofa. Hedimasta ya nuna yaron da ya fi amincewa da shi, a yi masa tambaya guda da Turanci. Yaro ya miƙe, ya sunkuyar da kai, gumi ya karyo masa, ko uffan. Malamin ofis ya rubuta cewa yaran makarantar nan ba su jin Turanci. An yi wannan takarda ne don a nuna cewa irin rahoton nan sau da yawa kuskure ne, yana kuma cutar yaro da malaminsa.

Masana sun daɗe suna binciken al'amarin, da fari kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba. Waɗansu suka ce tsoro ya kan hana koyo, waɗansu suka ce ya kan ƙara ƙwazo. A 1978 Thomas Scovel ya tattara abin da aka rubuta, ya nuna cewa kowa abin da ya ke aunawa dabam ne, suna ne kawai ɗaya. Sai a 1986 Elaine Horwitz da abokan aikinta biyu a Jami'ar Texas ta Amurka suka bayyana cewa tsoron baƙon harshe wani abu ne mai zaman kansa. Mutum ya iya zama mai baki a kasuwa, gwani a lissafi, amma da an ce ya yi magana da harshen da ba nasa ba sai gabansa ya faɗi. Suka shirya ma'auni mai tambaya 33, wanda har yanzu a ke aiki da shi a ƙasashe da yawa, suka kuma danganta tsoron da abu uku: fargabar magana da mutane, da fargabar jarrabawa, da gudun a raina mutum.

Na ukun nan shi ya fi shafarmu. Yaro a ƙasar Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, an hore shi tun yana ƙarami kada ya ɗaga ido gaban manya, kada ya yi surutu. Wannan kunya ce, tarbiyya ce, ba mai zarginta. Sa'an nan ga harshen kansa. Bisa tsarin ilmi na ƙasa na 1977, a wancan lokaci da Hausa a ke fara koyarwa, daga baya a juya ga Turanci, harshen da da wuya yaro ya ji shi a gida ko a gona. Hausa kuwa ba ta raba p da f ba, Turanci ya raba. Yaro ya musanya su sau ɗaya, aji ya fashe da dariya, a laƙaba masa kalmar ta zama sunansa har ya fita makaranta. Wanda ya ga an yi wa ɗan'uwansa haka, me zai sa ya buɗe baki?

Akwai wani gwaji da ya kamata kowane hakimi ya sani. A 1994, a ƙasar Kanada, Peter MacIntyre da Robert Gardner suka sa ɗalibai koyon kalmomin Faransanci, suka raba su ƙungiya-ƙungiya. Ana cikin aiki sai a shigo da na'urar ɗaukar hoto a kafa wa waɗansu, waɗansu kuwa a ƙyale su. Da shigowar na'urar sai fargabar ɗalibai ta hau, aikinsu ya ragu a daidai wannan lokaci. Ba basira suka rasa ba, hankalinsu ne ya rabu biyu, rabi ga karatu, rabi ga mai kallo. To, in ƙarfe mai ido ɗaya ya yi wa ɗaliban jami'a haka, ina ga rawani da dogarai gaban ɗan shekara 10?

Daga baya bincike ya juya ga jin daɗin koyo. A 2014 Jean-Marc Dewaele da shi MacIntyre suka tambayi masu koyon harsuna 1,746 daga ƙasashe dabam-dabam, suka tarar tsoro da jin daɗi ba lalle ɗaya ya kori ɗaya ba, su kan haɗu a zuciya guda. Watau ba sai an kawar da tsoro ƙaf ba kafin yaro ya yi magana. In aji da daɗi zai yi, ko da murya na rawa.

Saboda haka in hakimi yana son sanin gaskiyar makaranta, ya bar jama'arsa a waje, ya zauna a bayan aji, ya bar malami ya ci gaba da darasinsa. In zai yi tambaya ya fara da Hausa, ya ba yara dama su yi shawara biyu-biyu, sa'an nan wanda ya shirya ya amsa. Ya tambayi hedimasta ko ana cin tarar mai yin Hausa a aji, ko ana barin dariya ga wanda ya yi kuskure, ya yi masa magana a keɓe. Malamin ofis kuwa, kafin ya rubuta kome game da Turancin yara, ya karɓi littattafansu na rubutu ya duba aikin makon da ya wuce.