Gyaran ɗaki da rumbu kafin ruwan shuka

Ɗan'uwa manomi, a nan Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri da Kore Mairuwa, ruwan shuka yakan sauka wajen watan Yuni. Ke nan Afrilu da Mayu ne lokacin yaɓe. Ka tuna ɗakunan laka da ruwa ya kayar a daminar 2020 da ta 2024.

Fara da gindin bango, don nan ruwa yake ci. Ka tara masa ƙasa, ka daɓe, ta gangara waje.

Ƙasar dallol rairayi ya yi mata yawa. Ɗebo laka daga bakin tabki, ka murza ta jiƙe a tafin hannu: in ta yi igiya ba ta karye ba, ta yi. Haɗa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, ka kwaɓa, ka bar ta ta ruɓa kamar kwana 7, kana yayyafa ruwa. Mai gaggawa ya kwaɓa yau ya yaɓa yau, gobe bango duk tsaga. Ka kankare tsohon yaɓe, ka jiƙa bango, sannan ka shafa. Siminti kan laka kuwa asarar kuɗi ce, ɓamɓarewa yake yi, sai in an kafa waya ta riƙe shi.

Hau soro ka share indararo, ka toshe tsaga. Ƙwanƙwasa azara: wadda ta yi ƙarar fanko, gara ta cinye ta, canza ta. Rumbu ma ka duba duwatsun gindinsa, ka sabunta masa jinka.