Mayurbhanj: Tsohuwar Masarautar da Daji Ke Ciyar da Ita

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, to wannan makon ziyara za mu kai, ko da yake ƙafarmu ba za ta bar gindin wannan bango ba. Za mu je ƙasar Indiya, amma ba Indiyar fina-finai da muka saba gani ba. Za mu je wata gunduma mai suna Mayurbhanj, wadda sarakuna suka mulka ɗaruruwan shekaru. Yau mulkin sarakunan ya wuce, dajin da sana'o'in hannun talakawa ne suka rage suna riƙe da ita. Kowa ya ɗauko littafinsa, akwai tambayoyi a ƙarshe.

Ina take?

Ku buɗe taswirar Indiya ku duba gabas, za ku ga jihar Odisha a bakin tekun Bengal. Mayurbhanj tana can arewacin jihar, ta yi iyaka da jihohin Jharkhand da Bengal ta Yamma. Ita ce gunduma mafi faɗi a Odisha, tana da murabba'in kilomita 10,418. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanenta sun ɗan haura miliyan biyu da rabi, kuma fiye da rabinsu 'yan ƙabilun asali ne, waɗanda ake kira Adibasi, kamar Santal da Ho da Bhumij da Munda. Hedkwatarta ita ce garin Baripada, kusan kilomita 250 daga Bhubaneswar, babban birnin jihar.

Zamanin sarakuna

Lokacin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya, ba ko'ina suka riƙe da hannunsu ba. Akwai masarautu fiye da 500 da suka bari a hannun sarakunansu, sarki na mulkin cikin gida, Bature na sa ido daga sama. Wanda ya karanta tarihin Arewa zai ji abin bai zame masa baƙo ba, don irin wannan tsari ne Lugga ya shimfiɗa a nan, kuma shi kansa a Indiya aka haife shi a 1858.

Mayurbhanj na cikin waɗannan masarautu. Gidan sarautarta shi ne gidan Bhanja, tambarinsu kuwa ɗawisu, wanda ake kira "mayur" a harshensu. Tsohuwar cibiyarsu ita ce Khiching, inda har yanzu akwai wani wurin bauta na Hindu da aka gina da baƙin dutse, an sassaƙa shi tun daga ƙasa har sama.

Sarkin da aka fi tunawa da shi shi ne Sriram Chandra Bhanj Deo, wanda ya rasu a 1912. A zamaninsa aka buɗe makarantu, aka kuma shimfiɗa layin dogo daga Rupsa zuwa Baripada a 1905. Shi ne ya ɗauki wani masanin duwatsu, Pramatha Nath Bose, aikin binciken ƙasarsa. Bose ya gano tama mai yawa a tsaunin Gorumahisani, ya rubuta wa attajiri Jamsetji Tata a 1904 ya sanar da shi. Da wannan tama aka fara ciyar da masana'antar ƙarfen Tata da aka kafa a 1907, a wurin da ya zama birnin Jamshedpur. Ku lura da wannan: tamar daga Mayurbhanj take, amma masana'antar da birnin a wajen iyakarta suka tashi.

Bayan Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, masarautu suka riƙa shiga cikin sabuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 1 ga Janairu, 1949, aka haɗe Mayurbhanj da Odisha, ta koma gunduma. Babban gidan sarautar da ke Baripada yau kwaleji ne, ɗalibai ke zirga-zirga inda fadawa suka taɓa tsayawa. Wani gidan sarautar kuma, Belgadia, jikokin sarakunan sun mai da wani sashensa masaukin baƙi.

Dajin Similipal

Daga Baripada, tafiya kaɗan ce za ta kai ku ƙofar Pithabata, ɗaya daga cikin mashigan dajin Similipal. Sunan ya samo asali ne daga wata bishiya mai jan fure da auduga, 'yar uwar gurjiyarmu. A da, nan ne sarakuna ke zuwa farauta. A 1973 aka sa shi cikin shirin gwamnatin Indiya na kare damisa mai ratsi, sannan a 2009 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin muhimman wuraren halittu na duniya. Faɗin yankin da aka keɓe ya kai murabba'in kilomita 2,750. Akwai giwaye da barewa da ɓaunar daji, akwai kuma magangarar ruwa ta Barehipani, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kusan mita 400.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne baƙar damisa. Ba baƙa ce ƙirin ba, ratsinta ne ya yi kauri har ya kusa haɗewa ya rufe jan jikinta. Mai kallo zai ce abin sha'awa ne, amma masana na ganin alamar haɗari a ciki. Damisoshin Similipal ba su da yawa, kuma gonaki da hanyoyi da garuruwa sun raba su da sauran dazuzzuka. Saboda haka dangi ke ta haihuwa da dangi, har wani hali na gado da ba kasafai yake fitowa ba ya yaɗu a cikinsu. Mun karanta a darasin ilimin halittu cewa irin wannan na raunana zuriya. Shi ya sa a ƙarshen 2024 aka kawo damisoshi mata biyu daga jihar Maharashtra don a sabunta jini. Ɗaya daga cikinsu ta fice daga dajin, ta ratsa Jharkhand har Bengal ta Yamma, sai da aka yi makonni ana bin sawunta kafin a kamo ta a mai da ita.

Dajin wa?

A nan ne darasinmu ya fi nauyi. Dajin ba na dabbobi kaɗai ba ne. Akwai ƙauyuka a cikinsa da kewayensa, mutanen da kakanninsu suka zauna a wurin tun kafin a zana wata iyaka. 'Yan ƙabilar Kharia na tsauni zuma suke ɗiba. 'Yan Mankidia suna tufka igiya da ɓawon wata kurangar daji. Mata da yawa suna tsinto ganyen bishiyar sal, su ɗinke shi da tsinke ya zama faranti, su kai kasuwa.

Don a ba damisa fili, hukuma ta tashi wasu ƙauyuka daga tsakiyar dajin ta mai da su waje. Masu goyon bayan haka suna cewa idan ba a yi ba dabbar za ta ƙare, ga farautar sata, ga gobarar daji kamar wadda ta yi kwanaki tana ci a farkon 2021. Masu suka kuma suna tambaya: mutumin da bai san komai ba sai ɗiban zuma, idan aka ba shi gida a bakin titi, me zai ci? Indiya ta yi doka a 2006 wadda ta amince da haƙƙin mazauna daji a kan ƙasarsu da abin da suke tsinta, amma rubuta doka daban, aiki da ita daban. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma ba za mu yanke muku hukunci ba. Ku yi tunani, tambaya ta huɗu na jiran ku.

Sana'o'in hannu

Wanda ya shiga kasuwar ƙauye a Mayurbhanj, abin da zai fara gani shi ne damman igiya. Ana yin ta ne da wata ciyawa mai suna sabai, doguwa, siririya, mai ƙarfi, wadda ke fitowa a tudun da shinkafa ba ta yi. Ana yanke ta, a shanya, a murza ta a tafin hannu ta zama igiya. Da ita ake ɗaure gadon katako. Yanzu ƙungiyoyin mata suna rina ta, su saƙa kwanduna da tabarmi da jakunkuna da ake kai wa manyan birane. Duk wanda ya taɓa zama kusa da kakarsa tana saƙar faifai zai gane wannan aiki.

Sana'a ta biyu ita ce zubin tagulla da ake kira dokra, kuma ga yadda ake yin sa. Maƙeri zai fara gina siffar abin da yake so da yumɓu, misali giwa. Idan ta bushe sai ya murza kakin zuma ya zama zare-zare, ya naɗe siffar da shi, ya yi duk adon da yake so a jikin kakin. Sai ya sake lulluɓe ta da yumɓu, ya bar ƙaramar kafa. Idan aka sa a wuta kakin zai narke ya bar gurbi, narkakkiyar tagulla ta shiga ta cike gurbin. Bayan ta huce sai a fasa yumɓun waje, giwar tagulla ta fito. Tun da dole a fasa mazubin, ba a samun guda biyu iri ɗaya sak. Wannan dabara ta haura shekara 4,000 a yankin Indiya, kuma da ita maƙeran Ife da Benin suka zuba sanannun kawunansu na tagulla.

Akwai kuma abinci. Ana samun wata jar tururuwa mai cizo da ke ɗinke ganye ta yi gida a kan bishiya. Mutanen yankin suna daka ta da ƙwanta, da gishiri da barkono da citta da tafarnuwa, su yi yaji mai tsami da ake kira kai. A farkon 2024 gwamnatin Indiya ta yi masa rajista a matsayin kayan da ya keɓanta da Mayurbhanj. Kafin wani ya yamutsa fuska, ya tuna da soyayyiyar fara da ake sayarwa a ƙofar makaranta.

Idan baƙo ya je a watan Afrilu zai iya tarar da rawar Chhau, wadda ta samo asali daga motsin mayaƙa. Iri uku ce a gabashin Indiya, ta Mayurbhanj ce kaɗai ba a rufe fuska a cikinta. UNESCO ta sa Chhau cikin al'adun gado na duniya a 2010.

Mutum biyu da ya kamata ku sani

Na farko shi ne Raghunath Murmu, malamin makaranta ɗan ƙabilar Santal da aka haifa a 1905. Ya ga haruffan wasu harsuna ba sa ɗaukar sautukan harshensa yadda ya kamata, sai ya ƙirƙiro nasa a 1925, haruffa 30 da ake kira Ol Chiki. Yau da su ake koyar da yara, kuma a 2003 aka sa harshen Santali cikin harsunan da tsarin mulkin Indiya ya amince da su.

Ta biyu ita ce Droupadi Murmu, wadda aka haifa a ƙauyen Uparbeda a 1958. Ita ma ta yi koyarwa. A 2022 ta zama shugabar ƙasar Indiya, mutum na farko daga ƙabilun asali da ya hau wannan kujera. Ku duba: gundumar da aka sani da sarakuna, 'ya'yan ƙauye biyu ne suka fi fitar da sunanta a wannan zamani, kuma dukkansu ta hanyar aji suka bi.

Ga mai niyyar zuwa

Ana rufe dajin a lokacin damina, an fi zuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sai da izini ake shiga, kuma yankin na da zazzaɓin cizon sauro, don haka a tafi da shiri. Kada a ɗauki hoton mutum sai an nemi yardarsa. In za a sayi kwando ko tagulla, a saya a hannun wanda ya yi, kada kuma a matse shi wajen ciniki. Aikin kwanaki ne a hannunsa.

Tambayoyi

1. A wace shekara Mayurbhanj ta koma gunduma a jihar Odisha?
2. Me ya sa baƙar damisa ke damun masana?
3. Bayyana matakan zubin dokra da kalmominka.
4. Da kai ne shugaban gunduma, yaya za ka daidaita tsakanin damisa da mai ɗiban zuma? Rubuta layi goma.
5. Nemi mai sana'ar hannu ɗaya a unguwarku, maƙeri ko majemi ko mai saƙa. Tambaye shi ina yake samo kayan aikinsa, kuma wa yake koya wa.

A jefa amsoshi a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Amsa uku mafi kyau ga tambaya ta huɗu da ta biyar za mu liƙa su a nan mako mai zuwa.