Amsar Tambaya: Wace Kwamfuta Ta Fi Dacewa da Lissafin Kimiyya?

Wani ɗalibi ɗan unguwar Hausawa a Fatakwal, mai nazarin yadda ɗanyen mai ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, ya aiko yana tambaya ko ya sayi kwamfutar da ƙwaƙwalwarta ta fi yawan gigahaz, kamar yadda wani ɗan kasuwar Onica ya ba shi shawara.

Ɗana, Allah ya ƙara basira. Ka sani gigahaz yawan bugun ƙwaƙwalwa kawai yake nunawa, alhali kuwa irin hisabinka, wanda ke jujjuya miliyoyin lambobi, sau da yawa ba ƙarancin bugu ke jinkirta shi ba, sai dai jiran da ƙwaƙwalwar ke yi kafin lambobin su iso mata daga ma'ajiya. Yawan cibiyoyin lissafi da ke cikin ƙwaƙwalwar, ko na Intel ko na AMD, yana da fa'ida matuƙar aikin na rabuwa. Da irin wannan rabon aiki ne Philip Emeagwali, wanda asalinsa Onica ne, ya sami lambar Gordon Bell a 1989 kan lissafin rijiyoyin mai. Amma tun 1967 Gene Amdahl ya kafa hujja cewa idan ushirin aiki ba ya rabuwa, to saurin ba zai wuce ninki 10 ba, ko da an tara cibiyoyi dubu.

Saboda haka, kafin ka biya, ka ɗora lissafinka a kan kowace kwamfutar da kake tunanin saya, ka bar ta tana aiki kamar rabin sa'a, domin ƙaramar kwamfuta, musamman ta hannu, takan rage gudu idan ta ɗau zafi. Wadda ta riga gamawa ita za ka saya, ka ƙara mata ma'ajiya da ragowar kuɗin.