Abin Da Ya Sa Kullu Mai Kauri Yake Cijewa

Duk macen da ta taɓa tace gasarar masara ta san wannan al'amari. Idan gasara ta kwanta a gindin ƙwarya aka tsiyaye ruwan sama, ludayin da aka sa a hankali yakan nutse. Amma in aka yunƙura da ƙarfi sai ta cije kamar daɓe, har ta tsattsage. Da an sassauta kuwa, sai ta sake malala.

Dalilin haka

Ƙwayoyin sitaci ba sa narkewa cikin ruwan sanyi, suna nan cunkushe cikinsa. Muddin ana motsawa sannu, akwai ɗan ruwa tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, yana sa su zamewa. Idan aka matsa da ƙarfi, ruwan nan ya kauce, sai ƙwayoyin su gogi juna su sarƙe, tamkar taron jama'a da suka yi rububin fita ta ƙofa ɗaya.

Tun cikin 1885 wani masani a Ingila, Osborne Reynolds, ya bayyana cewa cunkusassun ƙwayoyi ba su iya motsi sai sun ɗan buɗa. Shi ya sa jiƙaƙƙen yashi yake bushewa kewaye da ƙafar wanda ya taka shi. A 2013 da 2014 kuma masana suka nuna cewa gogayya ce tushen cijewar. Ƙwallaye masu santsi, masu girma ɗaya, sukan cije in sun cika wajen kashi 64 cikin 100 na mazubi, amma in akwai gogayya, ko kashi 60 ba sa kaiwa.

Amfanin sanin wannan

Masu injin markaɗe da masu tura kwaɓin siminti ta bututu su lura. Kwaɓi in ya yi kauri ƙwarai, ƙara wa inji wuta yana iya ƙara masa tauri, har bututu ya toshe ko inji ya lalace. Abin yi shi ne:

1. A rage gudu, a motsa a hankali.
2. Idan kullu ne, a ƙara ruwa kaɗan.
3. Idan kankare ne, kada a labta ruwa, gama yana raunana gini. A nemi shawarar injiniya game da sinadarin da ke sassauta kwaɓi.

Sannu ba ta hana zuwa.