Kafin Ku Kai Kayan Wasan Yara Kasuwa

Ya ku 'yan'uwa masu sana'ar hannu a Khartoum da Omdurman, ɗinka 'yar tsana ko ƙera motar gwangwani a gida halastacciyar hanyar neman abinci ce. Sai dai ku tuna, duk abin da ƙaramin yaro ya riƙe, bakinsa yake kaiwa. Don haka ku duba abu uku kafin ku nufi Kasuwar Omdurman ko Kasuwar Libiya.

Na farko, asalin kayan aiki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, harsasai da bama-bamai da ba su fashe ba sun warwatsu cikin kangaye. Kada ku tsinci ƙarfe ko waya a can, kada kuma ku aiki yara tsinta. Gwangwanin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur a cikinsa, wanki ba ya raba shi da guba.

Na biyu, fenti. Wasu fentin mota da na ƙofa suna ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yaro ba tare da wata alama a farko ba. A jihar Zamfara ta Nijeriya, ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara fiye da 400 a shekarar 2010. Katakon da aka goge sumul, ba fenti, ya fi aminci.

Na uku, ƙananan abubuwa. Duk abin da zai shige rami mai faɗin santimita 3 yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Idon 'yar tsana ku yi shi da zare, ba da maɓalli ko tsakiya ba. Ƙaramin batir mai kama da kwabo kuwa, in ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona shi cikin awa 2. In yaro ya haɗiye shi, a garzaya asibiti, kada a sa shi amai.

Ta fuskar shari'a, Dokar Mu'amalar Jama'a ta Sudan ta 1984 ta ɗora diyya a kan wanda aikinsa ya cutar da wani, ko a gida ya yi aikin. Saboda haka ku riƙa gaya wa mai saye shekarun da abin wasan ya dace da su. Wanda ba za ku miƙa wa ɗanku ba, kada ku sayar wa ɗan wani.