Kafin ku kafa rumfar wasa, ku nemi inshora

Kaka ta yi, an sa ranar wasa, kai ne kuma shugaban ƙungiya a nan Ɗanbatta. Wasan kwaikwayo ne a filin firamare, ko kalankuwa, ko dambe, duk ɗaya ne: in iska ta kifar da rumfa kan ɗan kallo, ko wayar janareta ta ja yaro, ƙofarka za a buga. Akwai inshorar da aka yi domin haka. Ku biya ɗan kuɗi, kamfani ya ɗauki diyyar wanda ya ji rauni, ko aka lalata masa kaya, a wurin taronku.

1. Gobe da safe ɗauki takarda da biro. Rubuta rana, wuri, mutum nawa kuke sa rai, akwai dawaki ko babu, wa zai ja wuta. Da wannan kamfani zai yanka muku kuɗi, saboda haka kada ka rage komai. Abin da ka ɓoye, da shi za a ƙi biyanku.

2. In 'yan ƙungiya sun ce inshora akwai shubuha, ka kai su ga takaful. Gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya, a tallafa wa wanda abu ya sama, bisa tsarin shari'a. Noor Takaful da Jaiz Takaful sun samu lasisi tun 2016.

3. Kowane kamfani ne, duba sunansa a jerin hukumar NAICOM, mai kula da inshora a Nijeriya. Babu sunansa, riƙe kuɗinka.

4. Nan ne wurin natsuwa, ƙanena. Tambaye su: iyakar abin da za ku biya nawa ne? Akwai kariyar kwana ɗaya? Ranar kafa rumfa da ranar kwashewa suna ciki? Sannan ka sani, wannan inshora ta 'yan kallo ce da maƙwabta. Ɗan wasanku da ya karye, ko ɗan damben da ya sha kaye, galibi ba sa ciki, tasu daban ake yi. Mai ba ku hayar rumfa da kujeru ma ka ji ko yana da tasa. Duk amsa a ba ka a rubuce, da sunan ƙungiya.

5. Biya kafin ranar. Ƙa'idar ita ce ba biya, ba kariya.

6. Ranar wasa a zagaye fili da igiya, a ɗaga wayoyi sama, a kai janareta nesa da yara. Lahadi kuwa kasuwar Ɗanbatta na ci, hanya cike da motocin dabbobi, ka sa masu tsallakar da yara.

7. In ƙaddara ta faɗa, a fara da Babban Asibitin Ɗanbatta. Ɗauki hoto, rubuta sunayen shaidu, kira kamfani a ranar. Je ka dubiya, amma kada ka yi alkawarin diyya gaban mai unguwa kafin kamfani ya ji.

Ka sa kuɗin inshora cikin lissafin karo-karo tun zaman farko, tare da na rumfa da na lasifika.