Yadda Ake Gina Jam'in Suna a Jamusanci

Wanda ya saba da Turanci yakan shiga ajin Jamusanci da zaton harafin s kaɗai ya isa ya mai da tilo jam'i. A Jamusanci kuwa s na 'yan tsirarun kalmomi ne, galibi na aro ko masu ƙarewa da wasali, irin su Auto da Autos, Kino da Kinos. Bahaushe dai bai kamata gabansa ya faɗi ba. Mu da muke cewa gida gidaje, kare karnuka, doki dawaki, ai mun san jam'i ba hanya ɗaya gare shi ba.

Da farko a duba jinsin sunan: der na namiji, die na mace, das na jinsi na uku. Da an shiga jam'i duk sai su koma die. Jinsin ne zai nuna maka inda za ka dosa.

Sunayen mata ba su da wahala. Mafi yawansu n ko en ake liƙa musu a ƙeya: Blume, Blumen, Frau, Frauen, Zeitung, Zeitungen. Mai ƙarewa da in sai a ninka n ɗin, Lehrerin ta zama Lehrerinnen. Sunayen maza da na jinsi na uku masu ƙarewa da er, el ko en galibi ba a ƙara musu komai a ƙeya, malami ɗaya der Lehrer, malamai goma die Lehrer. Haka ma masu chen, kamar Mädchen. Gajerun sunayen jinsi na uku da dama er suke ɗauka: Kind, Kinder; Bild, Bilder.

Inda gizo ke saƙar shi ne ɗigo biyun nan da ake ɗora wa a, o da u, wanda Jamusawa ke kira Umlaut. Wani wurin akwai ƙa'ida. Duk jam'in da aka yi da er, in wasalin zai iya ɗaukar ɗigo to sai ya ɗauka: Buch, Bücher, Haus, Häuser, Mann, Männer. Gajerun sunayen mata da suka kauce wa en suka ɗauki e, su ma da ɗigonsu: Hand, Hände, Nacht, Nächte, Stadt, Städte. Jam'in s kuwa ba ruwansa da ɗigo.

Amma da ka zo kan gajerun sunayen maza masu ɗaukar e, ƙa'ida ta ƙare. Tag ya ba da Tage, Schlag da ke da amo iri ɗaya da shi ya ba da Schläge. Arm, Arme, amma Darm, Därme. Schuh, Schuhe, amma Stuhl, Stühle. Dalilin yana cikin tarihi. A tsohon Jamusanci wasu sunaye da i suke yin jam'i, kamar gast da gesti, sai i ɗin ya janyo wasalin da ke gabansa ya sauya shi. Daga baya i ya rikiɗe ya zama e, sauyin ya zauna, shi ne yau ake cewa Gast, Gäste. Mai koyo ba ya ganin wannan tarihin a jikin kalma, don haka sai hadda.

Akwai kuma inda ɗigon ne kaɗai jam'in: Vater, Väter; Bruder, Brüder; Apfel, Äpfel; Mutter, Mütter; Tochter, Töchter. A nan ake gane wanda ya ƙware, domin rubutu kaɗai ba ya fid da kai, sai baki ya yi aiki. Wasulanmu biyar ne, babu ü babu ö. Ka ce i, ka riƙe harshenka a wurin, sannan ka turo leɓe kamar za ka ce u, to ü ke nan. Haka ö, daga e ake farawa. In ka yi ganda, 'yan'uwanka maza uku sun koma ɗaya a kunnen Bajamushe. Ranar da ɗalibi ya fara rarrabe Bruder da Brüder ba tare da tsayawa tunani ba, malami ma sai ya ji daɗi a ransa.

Masu wannan fama yawanci ɗalibai ne da ke neman gurbin karatu, da ma'aikatan jinya, da masu bin miji ko mata. Na ƙarshen nan tun 2007 ake neman yawancinsu su nuna shaidar Jamusanci matakin A1 kafin a ba su bizar Jamus. Masu koyon sukan yi sauri, su haddace tilo su bar jam'i sai gaba, abin ya dawo ya ci su.

Saura gyare-gyare kaɗan. Bayan kalmomi irin su mit da von, jam'i kan ƙara n, sai a ce mit den Kindern. Kuɗi kuma ba a jam'inta su bayan lamba, zehn Euro ake cewa. Wata kalmar jam'i biyu gare ta, kamar Bank: Bänke bencina, Banken bankuna.

Shawarata ita ce kada ka rubuta suna shi kaɗai a littafinka. Rubuta shi da jinsinsa da jam'insa a layi ɗaya, das Buch, die Bücher, ka faɗe su da ƙarfi tare. Inda ka yi shakka, buɗe ƙamusun Duden, wanda tun 1880 Jamusawa da kansu ke komawa gare shi.